Ƙofar Rijiya ta Bakwai

Adelaide,
9 ga Satumba, 1988.

Zuwa ga Kawu Merv,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Gwaggo Glenys, da fatan duk kuna lafiya. Yaya idon? Mama ta ce yanar ido ta rufe na dama gaba ɗaya, na hagun ma dishi-dishi kake gani da shi. Allah ya sawwaƙe. Mu nan lafiya lau, sai Mama da ciwon gwiwarta na kullum. Ta ce in tuna maka ku 'ya'yan wa da ƙani ne, bai kamata sai Kirsimeti take jin duriyarka ba.

Kawu, alfarma nake nema. Shekara goma sha tara rabona da gandun Kuldinna, kuma ban taɓa daina mafarkinsa ba. Makarantarmu za ta ba da hutu ran ashirin da uku ga wata, na roƙi ƙarin sati ɗaya an ba ni. Ni da mijina Colin muna so mu tashi ran ashirin da huɗu, mu bi ta Marree, mu ratsa gandunka ta tsohuwar hanyar rijiyoyi, mu kwana ɗaya ko biyu a tanti, mu fita William Creek, sannan mu wuce Alice Springs. Yarana na aji biyar su talatin da ɗaya ne, babu wanda ya taɓa ganin emu, jiminar ƙasarmu, sai a hoto. Wani ma ya tambaye ni ko da gaske raƙuma na yawo a daji babu mai su. Na yi musu alkawarin zan gano musu da idona.

Colin ɗan birni ne tun daga kai har ƙafa. Ya sayi jif tsohuwa, da tanti, da wata hula mai faɗin da sai ya cire ta yake shiga mota. Amma kada ka damu, ni zan riƙe shi. Ban manta tarbiyyar Gwaggo ba: a sha ruwa kafin ƙishi ya zo, a kakkaɓe takalmi kafin a sa ƙafa, a rufe ƙofa in an wuce. Har yau ina jin muryarta daga kicin, “Narelle! Ƙofa!”

Ka gaishe mini da Baba Clarrie, idan har yanzu shi ke zagayen rijiyoyi. Ka tambaye shi ko ya tuna yarinyar da ya ɗora a kan alfadari ta yi ta kuka.

'Yarka,
Narelle


Kuldinna,
21 ga Satumba.

Narelle,

Mun gode da gaisuwa. Muna lafiya. Glenys ce ke rubutawa, ni ina faɗa, don yanzu ko kanun jarida ba na gani. Idan kin ga magana mai daɗi a ciki, ita ta ƙara.

Ki zo, amma ba za ki same mu ba. Jibi za mu tafi Port Augusta a kankare mini idon, sai huɗu ga watan gobe za mu dawo. Clarrie ne kaɗai zai rage a gandun. Ya tuna ki. Ya ce ba alfadari ba ne, jaki ne, kuma jakin ya fi ki shan wahala.

To, saurara da kyau. Sandar famfon Rijiya ta Shida ta karye ta faɗa ciki, kayan gyara ba su iso ba. Babu ɗigon ruwa a can. Shanu ɗari uku masu shayarwa da ke wannan fagen yanzu a ta Bakwai suke sha, suna bi ta ƙofar shingen da ke tsakani. Clarrie ya buɗe ta ya bar ta haka da gangan. Abin da gwaggonki ta koya miki na tsakar gida ne, saboda kaji da lambunta. A daji doka ɗaya ce: yadda kika sami ƙofa haka za ki bar ta. A rufe, ki rufe. A buɗe, ki bari a buɗe. Zafi ya zo da wuri bana, saniya mai shayarwa ba ta kwana uku babu ruwa.

Kada ku kafa tanti a bakin kwamin shan ruwa, dabba ba ta zuwa sha in ta ji warin mutum. Akwai wani amale, ƙaton raƙumin daji, da ke yawo da taguwoyinsa wajen nan, lokacin barbararsu ne, ba shi da hankali. In kun hango shi ku bar masa wurin.

Glenys ta ce jirgin wasiƙu sai gobe, wai mai yiwuwa takardar nan ba za ta riske ki ba. Na ce mata malamar makaranta ba ta fita sai an ba ta izini.

Kawunki,
Merv


William Creek,
30 ga Satumba.

Kawu na kaina,

Gaisuwa daga 'yarka mai jan ƙasa har cikin kunne! Ina fata aikin ido ya yi kyau. Mai sayar da mai a Marree ne ya gaya mana an kai ka asibiti, shi ya sa ba mu ƙarasa gidan ba. Amsarka ba ta iso ba kafin mu taso. Na jira har ranar Asabar da hantsi, sai na ce Kawu ba zai hana ni ba. Muna lafiya, sai hannun Colin da ya ƙone, za ka ji dalili.

Kawu, ƙasarka tana nan yadda na bar ta, sai dai ta fi girma. Ran Talata mun ga emu namiji yana jan 'ya'ya bakwai masu zane-zane a baya, shi kaɗai, uwar ta yi gaba abinta. Na zauna a kan mota na zana su duka saboda yarana. Colin ya ce kada in kuskura in ɗauki darasi a wurin uwar. Kangaru kuwa mun daina ƙirgawa.

Mun kafa tanti nesa kaɗan da Rijiya ta Bakwai, inda muke jin kukan famfon iska. Ran Laraba da safe mun naɗe komai mun loda, shayi kawai ya rage a kan wuta. Sai na ji wata ƙara kamar ruwa na bulbulowa daga kwalba, amma mai kauri.

Colin ya ce, “Malama, cikinki ne?”

Na ce, “Naka dai. Wa ya cinye gwangwanin wake jiya?”

Sai na ga fuskarsa ta canja. Na waiga. Amale ne, Kawu, a kan tudun rairayi, bai kai taku hamsin ba. Ban san raƙumi na kai wannan girma ba. Kumfa ta rufe masa baki har wuya, wata jar tsoka kamar balan-balan ta fito ta gefen bakinsa tana lilo, yana cizon haƙora ana ji. Taguwoyi shida na bayansa. Mun tare musu hanyar ruwa ba mu sani ba.

Colin ya ce, “An ce in ka tsaya cak ba sa taɓa ka.”

Na ce, “Wa ya ce?”

Ya ce, “Littafi.”

Na ce, “Shi bai karanta littafin ba. Shiga mota!”

Mutumin nan sai da ya koma ɗauko gwangwanin shayi, ya kwarara wa hannunsa. Kafin ya tada injin amalen ya iso. Ya kai wa madubin gefe cizo, ya ɓalle shi kamar an tsinki lemo. Ya dafa mana ƙirji a jikin mota, na ji tayoyin ɓangarena sun rabu da ƙasa. Colin yana ta ihu, “Yi haƙuri, ranka ya daɗe, tafiya za mu yi!” Da motar ta kama, muka zabura, shi kuma ya biyo mu, wuya a miƙe, yana watsa kumfa. A cikin rairayi jif ba ta fi shi gudu ba sai da kaɗan.

Allah ya taimake mu da shingen nan. Mun sami ƙofarsa a wangale, har rairayi ya taru a gindinta. Muna wucewa na ce wa Colin ya tsaya. Ya ce, “Kin haukace?” Na dira, na ja ta da ƙarfin da ban san ina da shi ba, na zarga sarƙa, na ƙara ɗaure ta da guntuwar waya. Amalen ya ci burki a ɗaya gefen har kumfarsa ta fantsamo mini a riga. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya wajen matansa da ruwansa.

Da na koma mota na ce wa Colin, wani sakaran matafiyi ya bar wa Kawu ƙofa a buɗe, gara da muka biyo. Can nesa a wannan gefen da muka tsallako mun hango shanunka suna kiwo da 'yan maruƙansu, sun yi kyau ƙwarai. Yanzu dai raƙuman ba za su dame su ba. Ka gaya wa Gwaggo tarbiyyarta ba ta faɗi ƙasa ba.

Gobe za mu wuce arewa. Sai tsakiyar watan gobe za mu koma gida.

Taka,
Narelle


Kuldinna,
12 ga Oktoba.

'Yata Narelle,

Ina gaishe ki, ina gaida Colin. Aikin ido ya yi, amma an naɗe masa duka biyun, likita ya ce sai ƙarshen wata za a kwance, kuma kada ransa ya ɓaci. Wannan takarda daga ni ce kawai. Kawunki bai san na rubuta ba. Ki karanta a zaune.

Clarrie ya wuce ta ƙofar nan ran Talata, kwana ɗaya kafin ku. Zagayensa kwana shida ne, don haka sai ran Litinin ya sake komawa. Ya tarar da shanun jere a jikin wayar shingen, wasu a kan wasu, suna jin ƙanshin ruwa daga inda suka faɗi. Saniya ɗari da goma sha ɗaya, ban da maruƙa. Waɗanda ke da sauran numfashi ba sa iya tashi, shi ya bi su da bindiga ɗaya bayan ɗaya har harsashi ya ƙare masa. Da muka dawo ran Talata mun same shi zaune a matakalar baranda, bai ci komai ba.

Kawunki ya ce, “Wa ya rufe?”

Clarrie ya ce, “Ba ni ba, maigida. Akwai sawun mota baƙuwa. Mace ce ta sauka, ƙaramin takalmi.”

Kawunki ya san kin ce za ki biyo. Ya ce a jira jirgin wasiƙu.

Ran Alhamis wasiƙarki ta zo. Ya ce in karanta. Na karanta masa gaisuwa, na karanta masa emu, har ya yi murmushi. Idona ya riga bakina isa ƙasan takardar. Narelle, ban yi shawara da kowa ba, bakina ne ya yi aikin. Na ce, “Daga Marree muka bi babbar hanya, ba mu shiga gandun ba.” Na tsallake sauran na kai sa hannu.

Ya aika aka kira Clarrie. Ya ce, “Shekara talatin da ɗaya, yau za ka yi mini ƙarya? Ka rufe da hannunka don sabo, ka manta, yanzu za ka ɗora wa 'yata?”

Clarrie ya ce, “Ban ambaci 'yarka ba. Na gaya maka abin da ƙasa ta nuna.”

Ya ce, “Ƙasar da ka san ba na gani.”

Ya ba shi zuwa ƙarshen wata ya bar gandun. Labari ya riga ya zaga, ko'ina cewa ake tsufa ya kama Clarrie.

Na san abin da za ki ce. Amma ki duba. Gandun ba namu ba ne, kamfani ne ke da shi, kawunki ɗan aiki ne kamar kowa. In suka ji danginsa ne suka yi wannan, da izininsa, a lokacin da ba ya nan, shekararsa sittin da uku kuma ido ɗaya, ina za mu? Ko ɗaki ɗaya ba mu da shi a duniya. Clarrie yana da ƙanwa a Marree. Kuma ni na koya miki rufe ƙofa, ni na ƙi kiran gidanku ta waya daga Port Augusta don na ɗauka takardar ta iso. Laifin namu ne mu biyu, mu biyu za mu haɗiye shi.

Kada ki rubuta masa a kan wannan.

Gwaggonki,
Glenys


Adelaide,
16 ga Oktoba.

Gwaggo,

Ina gaishe ki, Allah ya ƙara wa Kawu sauƙi. Ba zan ce muna lafiya ba. Jiya muka dawo, na tarar da takardu biyu a bayan ƙofa, ta Kawu da taki. Tasa na fara buɗewa. Kafin in kai ƙarshe na riga na san abin da ke cikin taki. Na karanta ta a tsaye da jakata a kafaɗa.

Na ɗaure ta da waya, Gwaggo. Sarƙar ba ta ishe ni ba, sai da na ƙara waya. Na tsaya ina yaba kyawunsu.

Na fahimci tsoronki, ban raina shi ba. Kin riƙe ni hutu huɗu kamar ke kika haife ni, kuma na san don ni ma kika yi. Amma Baba Clarrie bai yi komai ba sai faɗin gaskiya. A ƙasar Kuldinna aka haife shi, kakanninsa suna can tun kafin zuwan Turawa, a bayan tudun nan aka binne mahaifiyarsa, ke kika nuna mini wurin. Ɗakin ƙanwarsa a Marree ba gida ba ne. Kuma wa zai sake ba shi aiki, an ce shi ne tsohon da ya kashe shanu ya yi ƙarya?

Kullum ina gaya wa yarana, wanda ya fasa taga shi zai ɗaga hannu, kada ya bari a hukunta na kusa da shi. Gobe Litinin zan tsaya a gabansu. Ban san da wace fuska ba.

Ga takarda na haɗo ta Kawu, shafi ɗaya ce. Na rubuta a ciki cewa ban jira izininsa ba, don haka kamfani ba shi da abin kama shi da shi. Zan rubuta musu haka da sa hannuna. In rayuwa ta yi muku wuya, ɗakinmu na baya naku ne, Colin ne ma ya fara faɗa. Ki karanta masa duka, Gwaggo, layi-layi. Ba ni da wata hanyar isa kunnensa sai ta bakinki.

'Yarki,
Narelle


Filin jirgi, Kuldinna,
20 ga Oktoba.

Narelle,

Muna lafiya. A kan fiffiken jirgi nake rubutu, matuƙin yana jirana. Na karanta. Takardar kawunki tana aljihuna, daga nan murhu za ta. Kamfani ba ajin yara ba ne, ba ruwansu da wanda ya ɗaga hannu. Ba zan ƙare rayuwata a ɗakin bayan kowa ba.

Clarrie ya fara ɗaure kayansa, zai bi motar kaya ran Alhamis mai zuwa. Ki bar abin ya wuce. Duk abin da kika aiko ta hannuna zai bi.

Glenys


Adelaide,
24 ga Oktoba.

Gwaggo da Kawu,

Ina gaishe ku. Kafin wannan ta iso kun riga kun ji, amma ina so ku san yadda aka yi, kada ku ɗauka cikin fushi na yi.

Takardar Gwaggo ta zo ran Asabar. Na lissafa kwanaki. Ko na sake rubutawa, jirgin da zai kawo ta ranar Alhamis zai sauka, ranar da Baba Clarrie zai tafi, kuma hannun da zai karɓa na san shi. Na ce zan tuƙo mota in zo. Colin ya ce jif tana wurin makanike an sauke mata inji. Sai ya ce, “Babu waya a gidan ne?” Na ce babu, sai rediyon likitocin jirgin sama. Ina faɗa na tuna. Telegiram ɗin mutanen daji ta rediyon nan ake karanto shi da ƙarfe takwas na safe, kuma Kawu bai taɓa shan shayinsa ba tare da ya kunna ba. Haka kowane gandu daga Marree har iyakar arewa, kowa na jin saƙon kowa.

Colin ya ce, “Kin san duk duniyarsu za ta ji?”

Na ce, “Duk duniyarsu ta ji an ce masa maƙaryaci.”

Yau kafin a buga ƙararrawar makaranta na je gidan waya. Ga abin da na rubuta:

“Merv Tolliday, Kuldinna. Ni Narelle Pengilly na rufe ƙofar Rijiya ta Bakwai ran 28 ga Satumba. Na shiga ba da izini ba. Clarrie gaskiya ya faɗa. Ina neman gafararsa.”

Ma'aikacin ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, “Baiwar Allah, wannan fa a fili za a karanta. Ba kya so a rage?” Na ce ya bar shi yadda yake.

Gwaggo, ban sa sunanki ba, kuma ba zan sa ba. Amma na san Kawu zai tambaye ki, na kuma san ni na jefa ki a wannan hali bayan duk abin da kika yi mini. Na yi kwana biyu ina neman hanyar da ba za ta bi ta kanki ba, ban samu ba. In kin daina amsa mini, ba zan ga laifinki ba.

Kawu, ba ni da abin da zan ce a kan shanun. Don Allah ka tsayar da shi.

Narelle


Kuldinna,
2 ga Nuwamba.

Narelle,

An kwance idon, yana gani. Da hannuna nake rubutu, shi ya sa baƙaƙen suka yi girma. Gwaggonki tana lafiya.

Ran Talata aka karanto. Ina riƙe da kofi, Glenys tana juya ƙwai. Yarinyar rediyon ta karanta, ta maimaita kamar yadda suke yi. Daga nan layin, da kowane gandu ke iya magana a kai, ya yi tsit. Shekara arba'in ina sauraren rediyon nan, ban taɓa jin matan gandaye sun yi shiru ba sai ranar. Can sai matar Dunstan ta gandun Parrabie ta ce, “Clarrie, in kana ji, mun ji.”

Ban tambayi gwaggonki komai ba. Ita ta kashe murhu ta zauna ta faɗa mini, tun daga layin da ta tsallake. Abin da muka ce wa juna namu ne. Na rubuta wa kamfani gaskiya, har da cewa na ba ki izini, don na ba ki, ko bai iso ba. Mutuminsu zai zo sati mai zuwa. Abin da za su yi su yi.

Na sa ta ja ni har ɗakin Clarrie, idona a naɗe. Na ji yana ɗaure igiya.

Na ce, “Ka ji?”

Ya ce, “Ina da rediyo, maigida.”

Na ce, “Na yi kuskure. Kwance kayan nan.”

Ya ce, “Ni na faɗa maka a barandarka, ka ce ƙarya ne. Yarinya ta faɗa daga Adelaide, ka yarda tun ba a maimaita ba. Me ya bambanta maganata da tata?”

Amsar launin fata ce. Ina da ita, shi ma ya san ta, kuma ba ta faɗuwa.

Na ce, “Tsoho, ƙasarka ce.”

Ya ce, “Tawa ce tun kafin ka zo, ba sai ina maka aiki take zama tawa ba. Parrabie ma ƙasata ce. Dunstan ya aiko nemana aiki tun ƙarfe tara.”

Ya zauna kwana biyu ya nuna wa Glenys yadda ake ɗora sabuwar sandar Rijiya ta Shida, don ya ce shanun ba su yi masa laifi ba. Ran Alhamis Dunstan ya zo da kansa ya ɗauke shi a gaban mota. Duk wanda ke kan layin ya san dalilin tafiyarsa, kuma babu mai cewa tsufa yanzu. Wannan ke kika yi.

Ya ba ni saƙo. Ya ce in gaya miki ya san takalminki tun ranar, ya yi ta jira ya ga ko za ki yi magana. Ya ce kin yi, ya ji, babu komai tsakaninku. Ni bai ce mini haka ba.

Kada ki zo bana. Ba korar ki nake ba, ƙasusuwan suna nan a jikin waya, kuma ban iya kallonsu da kowa ba tukuna. Ki rubuta wa gwaggonki. Ba za ta amsa da wuri ba, ki ci gaba da rubutawa.

Yanzu ni da ita muke zagayen rijiyoyi, tana tuƙi ina sauka. Kwana takwas zai ɗauke mu. Jiya da safe na fito baranda na ƙwala masa kira ya zo mu sha shayi, har sau biyu, kafin na tuna.

Kawunki,
Merv